Azarar Ɗakin Ya Falmata

Ku samarin da kuke zama kan baburanku a inuwar bedin nan, wato darbejiya, da ke kallon inda nake aiki, ina jin ku sarai. Shekaran jiya ɗayanku ya ce, "Wai shi ginin ƙasa har sana'a ce? Kwaɓa laka ne fa, ka ɗora wannan kan wancan." Kuka yi dariya. Ni ma na yi, don ba laifinku ba ne. Kun taso kun tarar da siminti da kwanon rufi, wanda muke cewa tol, sai kuka ɗauka duk wanda hannunsa ke cikin laka abin yi ya rasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku, in kun sauke fasinja ku karanta.

Aikin farko da aka sa ni, ko bango ban taɓa ba. Ubangidana Baba Maina, Allah ya jiƙansa, ya kai ni bakin kududdufi ya ce in tattaka ƙasa. A haƙo ta, a zuba ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa da kashin jakuna, a bar ta ta jiƙa har ta soma wari, sannan ka shiga da ƙafa. Ƙasar Gure rairayi ya yi mata yawa, ba ko'ina ake samun mai danƙo ba. Baba Maina yakan ɗebi kaɗan ya mulmula a tafin hannu, ya shinshina, ya ɗora a harshe. In ya ji ɗanɗanon kanwa sai ya tofar ya ce a tashi, don kanwa daga gindi take cin bango, sannu a hankali, mai gida bai sani ba.

Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: galma, cokalin gini da bakinsa ya cinye, igiya mai dutse a ƙarshenta don duba miƙewar bango, da akwatin katako na buga tubali. Ni kuwa nawa kayan har da littafin soyayya a aljihu, irin waɗanda ake kawowa daga kasuwar Damagaram. Ana hutawa zan jingina da bango in buɗe. Sai in ji murya daga sama, "Habu, in ka gama ɗaura musu aure, miƙo min tubali."

Ranar da ta fi kowace girma a aikinmu ita ce ranar ɗora azara. Azara ita ce itacen da ake shimfiɗawa daga bango zuwa bango, a jera zana a kai, sannan a zuba ƙasar rufi. Tamu ta goruba ce, raƙuma ke kawo ta daga kwarurrukan wajen Gidigir, baƙa, mai nauyi, gara na shan wuya kafin ta huda ta. Akwai al'adar da ba a tsallakewa. Azarar farko ba ta hawa bango sai mai gida ya zo ya dafa ta da hannun dama, ya yi bisimilla, ya roƙa wa ɗakin zaman lafiya. Daga nan matar gida ta fito da furar magina. Na taɓa ganin Baba Maina ya zaunar da mu tun hantsi har la'asar don mai gida ya tafi kasuwar dabbobi. Ya ce, "Ɗaki ba ya zama na mutum sai ya dafa azararsa. In ba haka ba baƙo zai zama a ciki har ya mutu."

Mu magina mun ga sauyin nan tun kafin rediyo ya sa masa suna. Faɗin ɗaki tsawon azara ne ke yanke shi. To sai azara ta dinga zuwa gajera, ɗakunan Gure suka dinga tsukewa, har amarya ta rasa inda za ta jera kayanta in an sa gado. In ka tambayi masu raƙuma sai su ce manyan goruba sun ƙare, tudun rairayi ya gangaro ya cinye rabin kwari, ruwan rijiya ya yi ƙasa. Daga baya ma'aikatan gandun daji suka hana sara, kuma da gaskiyarsu. Masu hali suka koma tol.

Sai shekarar nan da ba ma son tunawa. Damina ta ƙi sauka, kududdufai suka tsage, ba ruwan da za a kwaɓa ƙasa da shi. Magina muka zauna, wasu suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Can da mutane suka fid da rai, wata ranar da azahar gabas ta yi baƙi, ruwan da ya kamata a raba wa watanni ya zubo a yini guda. Indararon da muka gada an yi su ne daidai da ruwan da, mai zuwa da hankali. Suka kasa kwashewa, ruwa ya kwanta a kan rufi, ƙasa ta sha ta yi nauyi. Kafin magariba ɗakuna suna ta durƙushewa unguwa unguwa. Washegari ana neman magini kamar yadda ake neman likita.

Cikin ɗakunan da suka faɗi har da na Ya Falmata, matar Malam Kiyari, wani dattijo da ya yi fataucin kanwa da dabino a ƙuruciyarsa. Ɗakin amarcinta ne, Baba Maina ya gina shi tun ban san hanyar kududdufi ba. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Na iske ta tana tonon laka da hannu tana fid da tasoshinta. Azarun duk sun kakkarye, maƙwabta suna ja don girki, sai guda ɗaya da ta fita lafiya. Ta zauna a kanta.

"Wannan ba ta wuta ba ce," in ji ta.

Na ce, "Ya Falmata, guda ɗaya ai ba ta rufa ɗaki."

"Na sani. Ita Malam ya dafa."

"Yaya aka yi kika gane ta?"

Ta nuna min wani tabon gatari kusa da kanta. Ta ce ranar da aka ɗora ta ba a kawo ta gidan ba tukuna, ita da ƙawarta suka laɓe bayan darni suna leƙen saurayin da za a ba ta. Ta ga ya dafa wurin nan, hannunsa na rawa. Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa samun marubucin da ya tuna da rawar hannun ango a kan itace ba. Na taya ta muka jingina azarar a bayan rumbu, ta lulluɓe ta da tsohuwar zana.

Ɗansu Mele direba ne a hanyar Agadas, yaron kirki. Da ya ji labari ya sa aka gina musu ɗakin siminti da rufin tol, yana sheƙi ana hango shi daga titi. Kowa ya sa masa albarka.

Ni kuma rashin aiki ya kai ni wani horo da aka kira magina, wai za a koya mana rufi ba itace. Na tafi da niyyar in yi dariya. Sai ga wani magini ɗan'uwanmu daga yamma ya kafa sandar ƙarfe a tsakiyar ɗaki, ya ɗaura mata waya. Tubalansa ƙanana ne, masu faɗi, marasa kauri. Duk tubalin da zai ɗora sai ya miƙa wayar ta nuna masa wurin zamansa da yadda zai karkata. Yana zagayawa, zobe na haɗuwa, na sama ya fi na ƙasa tsukewa, har tulluwa ta rufe a kanmu ba ko tsinke a cikinta. Na tsaya a ƙarƙashi ina kallo kamar wanda aka nuna wa cikin ƙwarya daga ƙasa. Aikin ba ya yafe ganganci. In laka ta yi ruwa tubali ya zame, in ta yi tauri ya ƙi kamawa, in bango bai yi kauri ba tulluwa ta tura shi waje. Indararo kuma faffaɗa ake sawa, daidai da ruwan yanzu mai zuwa da fushi.

A wurin ne wata malama ta yi mana bayanin zafin nan. Ta ce hayaƙin motoci da masana'antu da duk man da ake ƙonawa a duniya yana taruwa a sama, zafin rana ya shigo ya kasa fita. Itatuwa ke shanye wani ɓangare na hayaƙin, ga shi ana sare su. Shi kansa siminti sai an ƙona wuta mai yawa kafin a same shi. Wasu suka yi ta tambaya, ni kuwa nan take na gane, don na san ɗakin da yake haka. Duniya aka yi wa rufin tol.

Bazarar da ta biyo baya ta yi tsanani. Wata safiya ina buga tubali sai ga Ya Falmata da kanta, ba aike ba. Muka gaisa, na shimfiɗa mata buhu a inuwa.

"Habu ɗana, Malam ba lafiya. Hawan jini. A gidan likita sun ce a raba shi da zafi. Ina zan kai shi? Ɗakin Mele da rana tanderu ne. Ina jiƙa zane in rataya, kafin in juya ya bushe. Yini nake ina jan tabarmarsa ina bin inuwar katanga, in ta gudu nan mu bi ta can. Ɗaki nake so irin nawa na da."

Na ce, "Azara ta ƙare, Ya Falmata. Amma zo ki ga wani abu."

Na kai ta wani ɗakin tulluwa da na gama a bayan kasuwa. Rana ta take, ƙasa na ƙona ƙafa. Ta cire takalmi ta shiga, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Sannan ta manna tafin hannunta a bango.

"Kamar jikin randa," in ji ta. "Yaushe za ka fara?"

Mele ya yarda ta waya. Malam Kiyari ne ya ƙi. Na same shi kwance a gindin katanga, ya rame, amma bakinsa na nan da kaifinsa.

"Rufi ba itace? Ƙasa a ƙasa, ƙasa a gefe, ƙasa a sama. Habu, wannan ai mun san sunansa. Ku jira in cika tukuna, sai ku sa ni."

"Malam, daina faɗin haka," in ji Ya Falmata.

"To ki gina. Akuyoyinki sa ji daɗi."

Muka fara, a daidai inda tsohon ɗakin ya faɗi. Kullum sai ya sa a ja masa tabarma inda zai gan mu, wai don kada a ce ba a gargaɗe mu ba. Ranar da tulluwa ta soma karkatowa ciki ya ɗaga sandarsa ya nuna.

"Kai Habu, me ke riƙe da wancan tubalin?"

"Ɗan'uwansa, Baba."

"Shi kuma fa?"

"Nasa ɗan'uwan."

"To duk ranar da suka yi faɗa fa?"

Masu miƙo min laka suka fashe da dariya har ɗaya ya zubar da kwano. Wata rana kuma na ba shi labarin rufin tol da aka yi wa duniya. Ya ce zafi da sanyi na Allah ne. Na ce haka ne, amma goruban Gidigir ba mala'iku suka sare su ba. Can ya ce lokacin da yake fatauci akwai kwarin da in ka shiga da raƙumi ba ka ganin rana sai ka fita. Ya ce shi ma ya sha ɗauko azara a kan hanyarsa ta dawowa.

Da muka gama, muka yi yaɓe, ya bushe, na yi abin da muke yi don cire wa mutane tsoro. Na kira maza na unguwa muka hau kan tulluwar, har da wani mahauci da kowa ya san nauyinsa, muka yi ta tsalle. Ko ƙura ba ta zubo ba. Mata suka yi guɗa. Malam Kiyari ya kalle mu ya ce, "Ni ban ce yau zai faɗi ba."

Ɗaki ya zauna ba kowa. Ita ba ta shiga ba tunda shi bai shiga ba. Zafi kuwa kullum ƙaruwa yake, irin na gab da damina, wanda iska ke tsayawa cik. Ranar wata Juma'a ya tashi zai yi alwala ya yanke jiki ya faɗi, sai da aka yayyafa masa ruwa. Da na je dubiya Ya Falmata ta raka ni har zaure, ta rage murya.

"Kowa na cewa tsoro ne. Mutumin da ya ratsa sahara da raƙuma? Ba tsoro ba ne, Habu. An fara ɗakin an gama, ba a kira shi ya dafa komai ba. Ɗakin Mele ma haka aka yi masa, yana zaune aka kawo masu walda. Ya ce min shi yanzu baƙo ne a gidansa."

Na tsaya ina tunanin Baba Maina da yinin da ya zaunar da mu. Sabon aikin da na koyo ya zo da waya da sandar ƙarfe, bai zo da wurin da mai gida zai sa hannu ba. Na ce, "Azarar nan tana nan?"

"Ina za ta?"

Washegari da sassafe na zo da zarto. Muka janye zanar. Gara ta ɗan taɓa bakinta biyu, na yanke, cikin kuwa baƙi ƙirin kamar jiya aka saro ta. Ta gajarta, ba za ta kai daga bango zuwa bango ba, sai dai ta ratsa kusurwa. Na huda bango biyu a kusurwar ciki, inda gado zai zauna, daidai kafaɗar mutum. Na shigar da kai ɗaya, ɗayan na bar shi a kan turmi. Na juya tabon gatarin yana kallon ƙofa. Sannan na wanke hannu na je na durƙusa gaban tabarmar Malam Kiyari.

"Baba, aiki ya tsaya. Za mu ɗora azara, mai gida muke jira."

Ya dube ni, ya dubi matarsa. Ita tana ta gyaran bakin zanenta kamar ba da ita ake ba.

"Wace azara?"

"Sai ka zo ka gani."

Ni da wani maƙwabci muka kama shi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya saki kafaɗata ya riƙe sandarsa. Idonsa ya ɗauki lokaci kafin ya saba da duhun ciki. Da ya hango tabon sai na ji numfashinsa ya sauya. Ba wanda ya ce masa shiga. Ya cire takalmi, ya taka a hankali har kusurwar.

Bai dafa ba tukuna. Ya ɗaga kai ya bi tulluwar da kallo, ya dawo kan azarar. Tsohon ɗan kasuwa ne, ba a rufe masa ido.

"Habu, gaya min gaskiya. Me wannan za ta ɗauka?"

"Ba komai, Baba. Rufin shi ke ɗauke da kansa. Ko an cire ta ba abin da zai motsa."

Ya jinjina kai. "To, ni da ita ɗaya ke nan. An ajiye mu don an saba."

Ya Falmata tana bakin ƙofa. Ta shigo, ta zare gyalen da ke kafaɗarta ta rataya a kan azarar.

"Ga shi ta ɗauka," in ji ta. "Ina zan rataya kayana in ba ita? Malam, mutane na jira, rana na yi."

Ya miƙa hannun dama ya ɗora a kan tabon. Hannun na rawa. Na saci kallon Ya Falmata, na ga ita ma wurin take kallo. Ya yi bisimilla, ya roƙa wa ɗakin zaman lafiya, ya roƙa wa Mele, ya roƙa wa Baba Maina rahama. Muka shafa. Na ɗaga kan azarar na zura a raminsa na toshe da laka.

Ya juyo, muryarsa ta dawo irin ta mai gida. "Falmata, ina furar magina?"

Ashe tun asuba ta dama, tana bayan ƙofa an rufe da faifai.

Ranar a ciki ya yi ƙailula, barcin da ya daɗe bai samu ba. Damina ta zo da irin ruwan nan mai fushi, indararo suka kwashe shi tas. Ya ƙara ganin bazara da dama a ɗakin, yana karɓar baƙi, yana nuna musu rufi da sanda yana cewa, "Ɗan'uwa ke riƙe da ɗan'uwa," kamar shi ya ƙirƙiro. Mele da ya zo ya dasa bedi biyu a gaban ɗakin tol, yanzu sun kai rufi. Ni kuma tun daga ranar ba na rufe tulluwa sai mai gida ya dafa tubalin ƙarshe kafin a miƙo min shi.

Hayaƙin manyan ƙasashe ba ni da tsanin da zai kai ni in goge shi. Abin da hannuna ya kai shi ne ɗakin da ba a sare goruba dominsa ba, ba ya neman fanka, ba ruwansa da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Masu nema sun yi yawa, ni kuma gwiwa ta soma gardama da tsani. In akwai mai son koyo a cikinku ya zo, amma ya sani daga kududdufi zai fara, da ƙafa.

Kafin nan, duk wanda ya kai fasinja unguwarsu da tsakar rana ya tsaya ya yi sallama a gidan Ya Falmata. Ba ta hana kowa. Ku cire takalmi, ku manna hannu a bango. Malam Kiyari ya rasu, cikin damina, a kan gadonsa na kusurwar nan. In idonku ya saba da duhu za ku ga azarar. Gyalenta na nan a kai, kusa da shi kuma carbinsa.